Yadda kwafin ajiya ya riƙa taɓa tambarin lokacin fayiloli a sabar ofis, da matakan da aka bi har ya daina

Sabar ofishin da nake kula da ita tana kan Linux, diskinta na da tsarin fayiloli na ext4 a kan LVM, wato manhajar da ke raba filin diski, ma'aikata kuma suna shiga foldojinta daga kwamfutocin Windows ta hanyar Samba. Fayilolin sun kai kimanin gigabait 90, akasarinsu takardun akanta ne da wasiƙun da aka yi wa sikanin. Ayyukan kwafi biyu ne ke gudana kowane dare. Na farko tsoho ne, gadonsa na yi: da ƙarfe 1 yana tattara komai da tar, manhajar haɗa fayiloli cikin kundi ɗaya, ya zuba a wani diski na biyu cikin ofis. Na biyun sabo ne, yana tashi ƙarfe 4 na asuba, shi ma tar ne amma da zaɓin -g, aikinsa ya ɗebi abin da ya canza tun jiya kaɗai ya tura wata saba da muke haya a waje. Abin da ofis ke taɓawa a yini bai kai gigabait ɗaya ba. Amma tun daren da aka kunna na biyun, kullum sai ya ɗauki duka 90 ɗin ya kama turawa, gari ya waye bai gama ba, intanet ya yi nauyi har a tsayar da shi da hannu, datar wata guda kuma ta ƙare kafin sati ya zagayo. Manaja ya kira ni ya ce, “Malam, ko dai wani ke sace mana data?” Ba ɓarawo ba ne. Tambarin lokacin fayilolin ne ke motsi kowane dare.

Matakin farko bai ci ko kwabo ba. Na zaɓi wata takarda da kowa ya san ba a buɗe ta ba tun 2021, na buga umarnin stat da sunanta. Layuka huɗu na lokaci ke fitowa, kuma duk wanda bai bambance su ba zai sha wahala a banza. Access, wato atime, shi ne lokacin da aka karanta fayil na ƙarshe. Modify, wato mtime, lokacin da aka canza abin da ke cikinsa, kuma shi ne ma'aikaci ke gani a Windows idan ya jera fayiloli bisa kwanan wata. Change, wato ctime, lokacin da wani abu ya canza a rajistar fayil ɗin da ake kira inode: izini, mai shi, yawan mahaɗansa, ko su kansu sauran lokutan. Da yawa suna ɗauka harafin c ɗin nan na nufin ranar da aka ƙirƙiri fayil, alhali wannan shi ne layi na huɗu, Birth, wanda tsofaffin na'urori ke nuna shi fayau sai ɗan layi, domin sai daga Linux 4.11 na 2017 aka samu hanyar tambayarsa kai tsaye, stat kuma ya fara nuna shi a coreutils 8.31. A takardar tamu, Modify yana 2019, Access yana 2021, amma Change yana nuna daren jiya, ƙarfe 1:47. Na gwada wasu a foldoji daban-daban, duk haka suke.

Dole a fahimci dalilin da ya sa tar -g ke duba ctime, don kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba. A ce akanta ta kawo fayil na 2018 daga filas ta zuba a saba yau, kuma abin da ta kwafa da shi ya riƙe tsohon mtime. Manhajar da ke duba mtime kaɗai za ta ce wannan tsohon kaya ne, ta tsallake shi, alhali bai taɓa shiga ajiya ba. Haka idan aka canza izinin fayil da chmod, mtime ba ya motsi. Amma ctime kam sai ya motsa a duka biyun, kuma babu umarnin da ma'aikaci zai buga ya mayar da shi baya, tsarin ne da kansa ke rubuta shi daga agogon na'ura. Shi ya sa tar ke kwatanta mtime da ctime duka da lokacin da kwafin baya ya fara, in ɗayansu ya fi sabunta ya ɗauki fayil ɗin. Manhajojin kwafin ajiya irin su Borg da restic ma suna la'akari da ctime kafin su yanke ko za su sake karanta fayil, sai dai su ba sa sake tura abin da suka riga suka ajiye, don haka asararsu ta lokaci ce da wahalar diski, ba ta data ba.

Mataki na biyu shi ne gano mai taɓawar. Da yamma bayan an tashi na ɗauki jerin lokutan kowane fayil da wannan umarni: find /srv/ofis -type f -printf '%i %s %A@ %T@ %C@ %p\n' na zuba sakamakon a wani fayil a wajen foldar. Wannan find ɗin rajista kawai yake dubawa, ba ya buɗe fayilolin, saboda haka ba ya ɓata abin da ake aunawa. Da safe na sake ɗauka na kwatanta. Girma bai canza ba, atime da mtime suna nan daram, ctime ne kaɗai ya sauya a kusan kowane layi. Da na jera sababbin lokutan sai suka rabu gida biyu: wani rukuni tsakanin ƙarfe 1 da kusan 3 na dare, wani kuma daga ƙarfe 4 zuwa lokacin da ake tsayar da turawar da safe. Na buɗe crontab, jadawalin ayyukan da saba ke gudanarwa da kanta, sai ga lokutan sun yi daidai da ayyukan biyu. A layin tsohon aikin akwai --atime-preserve, sabon kuma an gina shi a kan layin tsohon ne, ya gaji zaɓin. Don in gani da idona, na ƙirƙiri ƙaramar folda mai fayil uku, na gudanar da tar ɗin a ƙarƙashin strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa tsarin: strace -f -e trace=openat,utimensat. Ga shi nan a fili: a buɗe fayil, a karanta, sannan a kira utimensat mai sake rubuta lokacin fayil, a wuce na gaba.

Abin da ke faruwa shi ne, karanta fayil yana sabunta atime. Tar, da aka ce masa ya kiyaye atime, sai ya haddace tsohon kafin ya karanta, in ya gama ya mayar da shi. To mayarwar nan canji ce a rajistar fayil, don haka tsarin sai ya buga sabon ctime. Kamar mai share sawunsa ne a rairayi, sawun ƙafa ya ɓace, na tsintsiya ya maye gurbinsa. Akwai kuma abin da ke hana matsalar mutuwa da kanta. Tun Linux 2.6.30 na 2009, ana ɗaura diski, wato a jona shi da tsarin, da zaɓin relatime idan ba a faɗi wani abu ba, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a sabunta atime sai idan bai fi mtime ko ctime sabunta ba, ko kuma ya wuce awa 24. Da zarar tar ya mayar da atime baya, ctime ya zama gaba da shi, karatu na gaba dole ya motsa atime, tar ya sake mayarwa, ctime ya sake tsalle. Littafin GNU tar ya faɗi ƙarara cewa wannan salon ba ya jituwa da kwafin canje-canje. Ba tar kaɗai ba ne: littafin manhajar ajiya ta Bacula ma ya yi irin wannan gargaɗi a kan zaɓinsa na keepatime.

A nan hannu ke ƙaiƙayin goge zaɓin a huta, amma wanda ya saka shi ba don wasa ya saka ba. A cikin crontab ɗin akwai wani aiki na farkon kowane wata da ke amfani da find -atime +365 yana kwashe duk fayil ɗin da ya shekara ba a buɗe ba zuwa foldar tsofaffin takardu. Na je ofishin shugabar akantoci na tambaye ta ko har yanzu suna buƙatarsa. Ta ce, “Ƙwarai kuwa, Malam, in ba don shi ba ai da foldar nan ta fi ƙarfinmu.” Ke nan atime yana da mai amfani da shi, kuma wannan ya rufe hanyoyi uku masu sauƙi. Idan aka cire zaɓin kawai, kowane fayil zai zama an karanta shi jiya da dare, aikin kwashewa ba zai sake samun komai ba, diski ya cika a hankali. Idan aka ɗaura diskin da noatime, wanda shi ne shawarar da aka fi bayarwa, atime zai daskare, bayan shekara aikin ya kwashe har takardun da ake buɗewa kullum, kuma wannan ya fi na farko muni. Idan kuma aka ce wa mai kwafin canje-canje ya duba mtime kaɗai, data za ta huta, amma fayil ɗin 2018 da aka kawo daga filas ba zai taɓa shiga ajiya ba, kuma ba za a sani ba sai ranar da aka neme shi. An gudu ba a tsira ba.

Maganin da aka sa a ranar shi ne --atime-preserve=system a layukan biyu. Da wannan tar yana buɗe fayil da tutar O_NOATIME, wadda Linux ke da ita tun 2.6.8, wato yana gaya wa tsarin tun farko kada ya rubuta wannan karatun. Tun da atime bai motsa ba, babu abin mayarwa, ctime ma ya zauna lafiya. Sharaɗinsa shi ne mai gudanar da aikin ya zama root, wato mai cikakken iko a sabar, ko mai fayil ɗin, kuma a kan foldar da aka jono ta NFS ba lallai ya yi aiki ba, domin can sabar ce ke rubuta lokacin. Na maimaita gwajin strace, kiran utimensat ya ɓace. Saboda turawar ba ta taɓa kammala ba, babu tushen da za a ɗora canje-canje a kai, sai aka goge fayil ɗin tarihin da -g ke ajiyewa, aka fara cikakken kwafi ranar Juma'a bayan an tashi, ya yi ta tafiya har ƙarshen mako. Wannan ya ci sabon kuɗin data, kuma sai da na rubuta takarda manaja ya sa hannu. Daren Litinin abin da aka tura bai kai megabait 400 ba. Samun sauƙin da na ji da ganin wannan adadi ba kaɗan ba ne.

Duk da haka ban tsaya nan ba, saboda rahoton tar yana yawan cewa wani fayil ya canza ana cikin karanta shi, musamman na manhajar lissafi da ake bari a buɗe. Hanya mafi tsabta ita ce a daskarar da hoton diskin da LVM a kwafa daga hoton, ainihin fayilolin ba a ko taɓa su. Na buga vgs, VFree, wato filin da ya rage, yana nuna sifili, wanda ya girka sabar ya raba duk filin. Sai an ƙara diski. Nan aiki ya bar ɗakin saba ya koma ofishin sayayya: takardar buƙata, farashi daga shaguna, sa hannun manaja, sannan jiran bauca daga akanta. Jiran ya fi aikin kansa tsawo nesa ba kusa ba. Da diskin ya iso aka yi pvcreate da vgextend, sannan rubutun umarnin ya zama haka: lvcreate -s -L 10G ya ƙirƙiri hoton, a ɗaura shi da mount -o ro, wato don karatu kawai, tar ya kwafa, a sauke, lvremove ya goge. Gigabait 10 ɗin ba girman fayilolin ba ne, wurin ajiye abin da zai canza ne muddin hoton na raye. In ya cika hoton ya lalace, don haka a riƙa duba Data% a lvs a makon farko.

Tarko uku ne a wannan mataki. Tar -g yana rubuta lambar na'urar da kowace folda take kai, hoton LVM kuma yana iya samun sabuwar lamba duk lokacin da aka ƙirƙire shi, sai tar ya ɗauka foldojin sababbi ne ya kwashe komai. Maganinsa --no-check-device. Na biyu, komawa daga /srv/ofis zuwa wurin da ake ɗaura hoton ya sa dole a sake cikakken kwafi, wato an biya kuɗin data sau biyu. Wanda yake da fili a diskinsa tun farko ya haɗa sauye-sauyen a dare ɗaya. Na ukun ya fi ɓoyuwa. Akwai kwaɗayin a ɗauki hoto ɗaya ƙarfe 1 ayyukan biyu su yi amfani da shi. Amma tar yana rubuta lokacin da shi ya fara, ƙarfe 4, ba lokacin hoton ba. Fayil ɗin da aka canza ƙarfe 2 ba ya cikin hoton, gobe kuma za a ga lokacinsa ya girmi ƙarfe 4 na jiya a tsallake shi, ya faɗa rami ke nan har sai an sake taɓa shi. Kowane aiki ya ɗauki hotonsa, tar ya tashi nan take.

Sai gwajin dawo da kaya, wanda aka yi ranar Asabar a kan wani diski daban. A nan ne ake sanin waɗanne lokuta ne ke dawowa. Mtime yana dawowa daidai, sai in an sa -m. Atime ba ya dawowa a buɗewar tar ta yau da kullum, sai an buɗe da --listed-incremental=/dev/null. Ctime da Birth ba sa dawowa ko ta halin ƙaƙa, duk fayil zai ɗauki lokacin da aka dawo da shi, ko da kuwa an rubuta tsohon ctime a cikin kundin. Tsohon salon kundin tar yana ajiye daƙiƙa cikakkiya ne kawai, alhali ext4 yana rubuta har kason daƙiƙa, don haka kwatancen lokuta zai nuna ɗan bambanci in ba a yi amfani da --format=posix ba. Akwai kuma ranar ƙirƙira da Windows ke nuna wa ma'aikata: Samba yana ajiye ta a wani ƙarin bayani mai suna user.DOSATTRIB, wanda ba ya shiga kundi sai da --xattrs, a lokacin kwafi da lokacin buɗewa duka. Kundayenmu na baya ba su da shi, aka ƙara. Wani abu kuma da ke saurin kuɓucewa: bayan dawo da kaya kowa yana son tabbatar da ingancin fayilolin da umarnin sha256sum, shi kuwa karanta fayil yake yi, kuma tun da ctime sabo ne, relatime zai sabunta atime nan take, wahalar da aka sha ta tafi a iska. A sake ɗaura diskin da ro tukuna, a yi tantancewar, sannan a buɗe shi ga jama'a.

Ana cikin haka odita ya zo aikinsa na shekara, ya ji labarin, ya nemi bayani a rubuce. Tambayarsa ɗaya ce: shin an taɓa takardun? Na nuna masa jerin da na ɗauka kafin da bayan kwafi, girma da mtime ba su motsa ba. Amma na gaya masa gaskiyar da ba ta da daɗi. Mtime abu ne da mai fayil ko root zai iya mayarwa ranar da ya ga dama da touch -d, kuma ctime ne ke tona irin wannan. Shekarun da tsohon aikin ya yi yana gudana ya shafe wannan shaida kowane dare, ba kuma za ta dawo ba. Ya ce, “To, Injiniya, daga yau fa?” Daga yau akwai ta. Aka kuma sake gina rumbun AIDE, manhajar da ke sa ido kan canjin fayiloli, wadda aka daɗe da daina karanta rahotonta saboda kullum tana kukan dubban fayiloli sun canza. Yanzu rahoton ba ya wuce shafi ɗaya.

Abu na ƙarshe da aka gyara shi ne agogo, domin duk wannan lissafi a kansa yake tsaye. Inda ake yawan ɗauke wuta, in batirin inbata ya ƙare saba ta mutu, ƙaramin batirin CR2032 da ke kan allon na'ura ne ke riƙe lokaci. In ya yi sanyi, saba na iya tashi da kwanan watan shekarun baya, duk abin da aka rubuta kafin agogon ya daidaita ya ɗauki tsohon mtime da tsohon ctime, kwafin canje-canje ya tsallake shi ba tare da ko gargaɗi ba. Aka canza batirin, aka tabbatar chrony, mai daidaita agogo, yana aiki, aka kuma sa rubutun umarnin ya duba timedatectl, in agogo bai daidaita ba ya ƙi tashi ya aiko saƙo.

Ga wanda zai kunna sabuwar manhajar kwafi a sabar da ta daɗe tana aiki, abin da wannan aiki ya nuna shi ne a fara da tambayar wa ke amfani da wane lokaci. A bincika crontab a nemi -atime, -mtime da -ctime, a duba ko akwai AIDE ko makamancinta, a buga findmnt a ga yadda aka ɗaura diskin. Idan babu mai buƙatar atime, noatime ya wadatar, a cire duk zaɓin mayar da shi. Idan akwai, O_NOATIME ko hoton diski. A ɗauki jerin find ɗin nan kafin daren farko da bayansa, minti kaɗan yake ci. Masu amfani da manhajar kwafi ta rsync su sani -a yana riƙe mtime amma ba ya riƙe atime, sai an ƙara -U, kuma --open-noatime ne ke hana shi ɓata na tushe, dukansu sun zo ne a sigar 3.2.0 ta 2020. In ana kwafa zuwa filas mai FAT32, lokacinsa daƙiƙa bibbiyu yake tafiya, sai an sa --modify-window=1 in ba haka ba ya riƙa sake kwafar abin da bai canza ba. A sabar Windows kuma robocopy yana riƙe lokutan fayiloli da kansa, amma na foldoji sai an ce masa /DCOPY:T.